Fitilar LED don tankin kifi mai tsirrai: abin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Duk wanda ya shiga harkar kiwon kifin ado a tankin gilashi, ya kuma ce shi ba kifi kaɗai yake so ba, har da tsirrai masu rai a ciki, akwai ranar da zai tsaya gaban fitilu yana sosa ƙeya. Wannan kwali an rubuta wat 18, na kusa da shi wat 45, wani kuma lumen 4,000 da 6500K da RGB da IP67, kuɗin kuwa wata ta ninka wata sau biyar. Mai shago zai jona ɗaya ya dalla maka ita a ido ya ce, "Alhaji, ka ga wannan? Ko tsakar dare ne sai ka tsinci allura." Bai yi ƙarya ba, sai dai ba allura ka zo tsinta ba. Tambayoyin da ya kamata a fara da su ba su ma shafi fitila ba. Waɗanne tsirrai za ka shuka? Kuma za ka riƙa sa musu iskar kabon, wato CO2, ko a'a? Amsar waɗannan biyun ita ke zaɓa maka fitila, ba hasken da ya kashe maka ido a shago ba.

Dalilin haka yana cikin yadda tsiro ke ci. Da haske yake haɗa ruwa da iskar kabon ya samar da sukarin da zai gina jikinsa, sannan yana buƙatar taki: naitiret, fosfet, fotashiyam, sinadarin ƙarfe da sauransu. Haske a nan totur ne. In ka murɗa shi, inji zai nemi ƙarin mai, man kuwa shi ne kabon da taki. Tsiron da ke tudu ba ya rasa kabon, iska na kai masa har gida. Na cikin ruwa ke shan wahala, domin iskar kabon na ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa iska. Tankin da ba a sa masa komai yakan samu miligiram 2 zuwa 3 ne kawai a kowace lita, daga numfashin kifi da ruɓewar datti, alhali masu amfani da tukunyar gas ɗin CO2 kan kai shi wajen miligiram 30. Tun ƙarni na 19 Jamusawa biyu masana noma, Carl Sprengel da Justus von Liebig, suka bayyana cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girman shuka, komai yawan sauran. To idan ka zuba wa tanki haske mai ƙarfi babu kabon, tsirrai za su cije, hasken da suka kasa ci kuma ba zai tafi a banza ba. Gansakuka ce za ta cinye shi. Ita ba ta da zaɓe, abu kaɗan ya ishe ta, kuma cikin mako biyu sai ka ga gilashi ya yi kore, ganye ya yi gashi.

Shi ya sa a ganina yawancin tankunan da suka lalace ba ƙarancin haske ya kashe su ba, yawansa ne.

Mu koma kan lambobin kwalin. Wat ba ya auna haske, wutar da fitila ke ci yake aunawa. A zamanin dogayen fitilun nan na gilashi, T12 da T8, masu kiwo a Amurka suna da ƙa'idar wat 2 zuwa 3 ga kowane galan, galan ɗinsu kuwa lita 3.8 ne. Ƙa'idar ta yi aiki daidai gwargwado saboda fitilun lokacin kusan duk ƙarfinsu ɗaya. LED ta zo ta rusa lissafin. Wata tana ba da ƙasa da lumen 80 a kowane wat, wata fiye da 150, ka ga ke nan fitilu biyu masu wat 20 na iya bambanta ninki biyu. Ga kuma masu rubuta "daidai da wat 100" da manyan baƙaƙe, ainihin wat 12 ɗin kuma sai ka juya bayan kwali ka ƙura ido.

Lumen ya fi wat kusa da gaskiya, don shi haske yake aunawa, amma da ma'aunin idon ɗan Adam. Idonmu ya fi kama kore mai ɗan rawaya, wajen nanomita 555 (ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi), yana kuma raina ja mai duhu da shuɗi, waɗanda su ne sinadarin kulorofil na ganye ya fi zuƙa, a wajen nanomita 430 zuwa 450 da kuma 640 zuwa 660. Fitila mai yawan ja da shuɗi za ta iya nuna lumen kaɗan alhali tana ciyar da tsiro sosai. Duk da haka, ga farar fitila ta yau da kullum lumen na da amfani. Kamfanin Tropica na Denmak, wanda ke noman tsirran ruwa tun 1970, ya kasa tsirransa gida uku: masu sauƙi lumen 10 zuwa 20 a kowace lita, matsakaita 20 zuwa 40, masu wuya sama da 40. Ɗauki tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 36, wanda ke cin kusan lita 65. Tsirrai masu sauƙi a cikinsa lumen 650 zuwa 1,300 suke nema. Fitila mai wat 10 ta gama aikin. Mai shago kuwa mai wat 45 yake miƙo maka.

Ma'aunin da masu harkar suka fi yarda da shi shi ne PAR. Shi yana ƙirga ƙwayoyin hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, daga nanomita 400 zuwa 700, ba ruwansa da abin da ido ke so, kuma da maikuromol ake faɗarsa. Tushen wannan ma'auni ya ƙarfafa ne da aikin Keith McCree na 1972 a jami'ar Texas A&M, inda ya gwada irin shuka 22 a ƙarƙashin launuka daban-daban. Aikin nasa ya nuna cewa koren haske ma ba asara ba ne, ganye na cin kaso mai tsoka daga cikinsa, saɓanin abin da ake yawan faɗa. Abin da masu kiwo suka saba bi, idan an auna a ƙasan tanki daidai kan yashi, shi ne: 15 zuwa 30 haske ne mai sanyi, 35 zuwa 50 matsakaici, abin da ya haura 50 kuwa mai ƙarfi ne, kada a kusance shi babu CO2. Don ka gane ƙanƙantar waɗannan lambobi, ranar tsaka a fili babu gajimare tana kai wa 2,000. Wato tsirran tanki da yawa suna rayuwa lafiya a kan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken rana.

Na'urar auna PAR ta gaske, irin ta kamfanin Apogee, ta fi fitilar kanta tsada, ba kowa zai saya ba. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya auna lus, wato lumen ɗin da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya, da ƙaramar na'ura ko da manhajar waya, ya raba abin da ya samu da 70, sai ya samu kimanin PAR. Ƙiyasi ne, kuma ga farar LED kaɗai yake aiki, amma ya fi hasashe. Idan kamfani ya buga jadawalin PAR a zurfi daban-daban, wannan alama ce ta masu mutunta mai saye. Sai dai a duba da kyau: lamba ɗaya tilo da ba a faɗi nisan da aka auna ta ba, ba ta gaya maka komai ba, don a santimita 10 daga fitila kowa jarumi ne.

Zurfi kuwa shi ne inda mutane ke ruɗewa. Ana yawan cewa ruwa na shanye jan haske, kuma haka ne, amma a tsaftataccen ruwa mai zurfin rabin mita abin da ja ke rasawa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Babbar asarar daga nisa take da bazuwar haske. Yawancin ƙwayoyin LED na watsa haskensu a kusurwar digiri 120, saboda haka kafin ya kai ƙasa ya riga ya baje, wani ma ya fice ta gilashi ya haska ɗaki. Tanki mai zurfin santimita 30 zuwa 40 kusan kowace fitila za ta iya da shi. Daga 55 zuwa sama sai an nemi mai ƙarfi, ko mai ƙananan madubai da ke tattara hasken zuwa digiri 60 ko 90. Sannan ga ɓarayin da ba a lura da su: murfin gilashi da ruwan rijiyar burtsatse ya bar wa farin dabbare, da ruwan da itacen ado ya rina ya koma ruwan shayi. Wani zai sayi sabuwar fitila alhali tsumma da ɗan ruwan tsami ya kamata ya nema.

Tsawon fitila ya dace da tsawon tanki, in ba haka ba tsakiya za ta ƙone da haske gefe yana duhu. In faɗin tanki daga gaba zuwa baya ya kai santimita 45, sirara guda biyu sun fi kakkaura ɗaya.

Batun launi ne ya fi cin kuɗin mutane, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Farar LED ba fara ba ce a asali. Shuɗiya ce aka lulluɓe da wani sinadari mai rawaya, shuɗi da rawaya suka haɗu ido ya ga fari. Shuɗiyar ƙwayar nan mai ƙarfi ta fito ne a farkon shekarun 1990 daga Japan, kuma a kanta Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Matsalar farar LED mai arha ita ce jan da ke cikinta kaɗan ne. Tsirrai za su girma a ƙarƙashinta, babu shakka, amma jan ganye zai fito ruwan ƙasa, jan kifi ya koma kamar ya koɗe. Shi ya sa fitilu masu tsada irin na Chihiros da Twinstar da Fluval ke haɗa farare da jajaye da koraye da shuɗɗa, abin da ake rubutawa RGB ko WRGB. Ka sa tanki ɗaya a ƙarƙashin fitilun biyu, sai ka rantse tsirran ba ɗaya ba ne. Amma a fahimta, yawancin wannan ƙarin kuɗi idonka ka saya wa, ba tsiron ba. Ba laifi ba ne, ai don kallo aka yi tankin, sai dai mutum ya san abin da yake biya.

Lambar kelbin, wato K ɗin nan, ita ma maganar ido ce. 3000K rawaya-rawaya, 6500K farin rana, 10,000K zuwa sama shuɗi-shuɗi. Daga 5000 zuwa 7000 tsirrai ba za su yi ƙorafi ba, zaɓi wadda ta yi maka kyau. Guda biyu ne zan ce a kauce musu. Fitilun tankin ruwan gishiri, masu shuɗi sosai, don murjani aka yi su. Sai fitilun noman cikin ɗaki masu ruwan hoda da shunayya: suna girmar da tsiro, amma falonka zai koma wani iri, kuma ba za ka ga rawayar ganye ba in cuta ta kama shi. Idan kwali ya nuna CRI, wanda ke auna yadda fitila ke fito da launin abu na gaskiya, 90 zuwa sama ya yi.

Jan ganye kuma ba sayen jar fitila ke kawo shi ba. Iri ne da ƙarfin haske. Ludwigia palustris na yin ja ko a matsakaicin haske, Rotala rotundifolia kuwa sai an ba ta haske sosai an kuma rage mata naitiret kafin ta bar kore.

Abin daɗi ga mai farawa shi ne tsirran da suka fi juriya a wannan harka, da yawansu 'yan yankinmu ne. Anubias barteri, wadda da wuya a samu shagon kifin ado a Turai ko Asiya da ba a sayar da ita, asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya ne da Kamaru da tsibirin Bioko. Sunan Charles Barter aka sa mata, Baturen Ingila mai tattara tsirrai da ya bi ayarin binciken da William Baikie ya jagoranta a kogin Neja, ya rasu a Rabba a 1859. A gidansu a kan duwatsu da saiwoyi take, a bakin ƙoramu, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Ganye ɗaya kan ɗauke ta makonni kafin ta fitar. Tsiro mai wannan nawa in ka ajiye shi a tsakiyar haske mai ƙarfi, ba sauri zai ƙara ba, ganyensa ne zai cika da ɗigo-ɗigon koriyar gansakuka mai tauri wadda ko da farce ba ta fita da sauƙi. Haka Bolbitis heudelotii take, ita ma 'yar Afirka ce, haka Cryptocoryne ta Sirilanka da Microsorum ta kudu maso gabashin Asiya. Waɗannan duk a PAR 20 zuwa 30 suna zaune lafiya shekara da shekaru babu tukunyar gas.

A ɗaya gefen akwai masu shimfiɗa a ƙasa kamar darduma, irin Hemianthus callitrichoides da aka samo daga Kyuba. Su ne ke cikin hotunan da ke ja wa mutane sha'awa, salon da Takashi Amano, ɗan Niigata ta Japan, ya yaɗa a duniya ta kamfaninsa ADA. Aikinsa na ƙarshe yana Lisbon ta Fotugal, tanki mai tsawon mita 40 da ke cin lita 160,000, an buɗe shi a 2015, shekarar da ya rasu. Wanda ya ga irin waɗannan hotuna fitila yake gani, don ita ke a sama. Ba ya ganin tukunyar gas da ke ɓoye a cikin kabad, da takin da ake aunawa kullum, da canjin ruwa duk mako, da almakashin aski. Sayen fitilar kaɗai a bar sauran shi ne gajeriyar hanyar noman gansakuka.

Saboda haka in za a tambaye ni abu ɗaya da bai kamata fitila ta rasa ba, zan ce hanyar rage ƙarfinta. Mai ƙarfi da ake iya ragewa ta fi daidaitacciya da ba ta motsi, domin yau Anubias kake da ita, baɗi wataƙila ka sayi gas. A sabon tanki a fara da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, awa 6 a rana, tsawon wata guda, don tsirran da aka dasa jiya ba su kama ba balle su ci haske. Daga nan a ƙara kaɗan-kaɗan har awa 8. Duk canjin da aka yi a jira mako biyu kafin a sake taɓawa, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Fitilar da ba ta da maragi, a ɗaga ta sama da santimita 10 ko 15, ko a rufe wasu ƙwayoyinta da baƙin salatif. Shuɗin hasken dare da wasu ke zuwa da shi a kashe shi, kifi ma na barci. Mai amfani da gas ya buɗe shi awa 1 zuwa 2 kafin fitila ta kama.

Akwai dabarar da Diana Walstad, Ba'amurkiyar da ta yi suna wajen tanki marar gas, take bi: awa 5 a kunne, awa 4 a kashe da tsakar rana, awa 5 a kunne. Hujjarta ita ce kabon da tsirrai suka shanye da safe yakan sake taruwa a lokacin hutun. Ga mai zama a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi tana da riba ta biyu, don fitila na kashe a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani.

Zafin nan da wutar lantarki su ne abubuwan da kwalin da aka buga a waje bai san da su ba. Yawancin tsirran nan sun fi son ruwa mai digiri 22 zuwa 28, a watan Afrilu kuwa ɗakin da ba na'urar sanyaya iska zai iya kai ruwa sama da 30. Fitilar da ta kwanta a kan rufaffen murfi ƙara dumama shi take yi. Gara wadda ke tsaye a kan ƙafafu ko a rataye, saman tanki a buɗe, ƙaramar fanka na kaɗa fuskar ruwa. Ita kanta LED zafi ne ajalinta. Awa 50,000 da ake rubutawa, wanda a awa 8 kullum ya kai shekara 17, lissafi ne na fitilar da ke shan iska. Ɗauke ta a hannu ka ji: mai gangar jikin alminiyam mai nauyi da tsaga-tsaga a baya tana fitar da zafi, ta roba marar nauyi tana dafa kanta. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar da ke cika tsagogin. Galibi ma adafta ce ke fara mutuwa, don haka a zaɓi mai adafta a waje, ta bolt 12 ko 24, wadda za a samu madadinta a kasuwa, kuma irinta ce ake iya ɗora wa batirin sola. A karanta jikinta: 100 zuwa 240V ta yi, mai 120V kaɗai ta Amurka ce, wutarmu za ta ƙona ta nan take. A lambar IP, ta farko ƙura ce ta biyu ruwa. IP67 na jure faɗawa ruwa na ɗan lokaci, IP20 ko fantsali ba ta so. Wayar kuma a bar ta ta ɗan sauka ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya zuba a ƙasa.

Agogon kunnawa da kashewa wajibi ne, amma mai juyawa da haƙora yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, bayan kwana uku sai ka ga fitila ta kama ƙarfe biyun dare. A nemi mai batiri a ciki. Cin wutar ba shi da yawa: wat 30 na awa 8 wat-awa 240 ne a rana, kilowat-awa 7.2 a wata. In batiri ya yi ƙasa, matatar ruwa ce ta fi cancanta da shi. Tsirrai na jure kwana biyu ko uku a duhu, har ma da gangan ake rufe tanki kwana uku don kashe gansakuka.

Wanda aljihunsa bai kai ga fitilun kamfanonin nan ba kada ya karaya. Fitilar haska tsakar gida ta LED, mai wat 10 ko 20, 6500K, a rataye a saman ƙaramin tanki, tana girmar da tsirrai masu sauƙi sarai. Launi ne kawai ba zai fito yadda ake so ba.

Bayan an saya, tsirran ne za su gaya maka ko ka dace. Idan kara na miƙewa siriri, tazara tsakanin ganye da ganye na ƙaruwa, na ƙasa na zubewa, mai shimfiɗa kuma ta bar rarrafe ta nufi sama, haske ya yi kaɗan. Idan koren ɗigo na dawowa gilashi kwana biyu bayan gogewa, zare-zare na rataye a ganye, ko baƙin gemu ya kama bakin ganyen Anubias, ya fi ƙarfin kabon da ke akwai, a rage. Ƙura mai ruwan ƙasa a sabon tanki ba laifin fitila ba ce, da kanta take wucewa cikin makonni. Haka narkewar ganyen Cryptocoryne bayan dashe, sauyin wuri ne, a bar saiwar za ta toho.

In haske ya yi yawa kuma babu yadda za a rage, kainuwa na maganinsa. Tana yawo a sama, kabon ɗinta daga iska take sha, tana inuwa, tana kuma zuƙe takin da ya yi rara. A killace ta da zoben siririn tiyo don kada ta rufe fuskar ruwa duka, a riƙa kwashe rabi duk mako. Sai dai wadda aka ɗebo daga kududdufi ko madatsar ruwa kada a jefa ta kai tsaye. Tana zuwa da ƙwan ƙwari da ƙananan dodon koɗi, wasunsu kuma su ne masu ɗauke da tsargiya. A sa safar roba a wanke ta, a ajiye ta a bokiti daban na wasu makonni ana canja ruwa ana tsince abin da ya fito, sabbin 'ya'yan da ta haifa a bokitin su za a kai tanki.